Tambaya da Amsa: Windows da Ubuntu a laftof ɗaya, zai yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ɗalibi ne a BUK an ce mu koyi Linux saboda wani kwas, laftof ɗina HP ce ta hannu da na saya a Beirut Road, Windows 11 ne a kai. Wani mai gyara ya ce min wai sai dai a goge Windows ɗin gaba ɗaya, ni kuma duk aikin furojet ɗina yana ciki. Dan Allah za su iya zama tare? Daga wani ɗalibi a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Za su zauna lafiya lau, mai gyaran nan sauri kawai yake ya sallame ka. Windows da Ubuntu, wanda nau'in Linux ne, kowanne za a yanka masa nasa wajen a hadis ɗin, in ka kunna sai wani ɗan allo mai suna GRUB ya fito ya tambaye ka wanne za ka shiga.

Amma fa kafin ka taɓa komai kwashe furojet ɗin nan ka zuba a filash ko Google Drive, wannan ba shawara ba ce dole ce. Sannan duba ko BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan hadis, a kunne yake, laftof da yawa masu Windows 11 haka suke zuwa mai ita ma bai sani ba, to in a kunne yake shiga asusunka na Microsoft ka kwafo lambobin nan guda 48 na buɗe shi ka rubuta a takarda, don akwai yiwuwar bayan ka gama Windows ya ce sai ka kawo su, in babu kuwa wallahi ko injiniyan ina ka kai wa ba zai buɗe maka fayil ɗaya ba. Mafi sauƙi ma ka kashe BitLocker ɗin tukuna. Ka kashe Fast Startup, saitin Windows na saurin tashi, shi ma.

Sauran ba wuya. Shiga Disk Management a Windows ka rage girman C, wato ɓangaren hadis da Windows ke kai, Ubuntu na neman giga 25 amma ni dai ba na ba shi ƙasa da 60, cika yake da wuri. Sauke Ubuntu 24.04, ya kusa giga 6 don haka a nemi wayfai ko datar dare, ka sa shi a filash mai giga 8 da manhajar Rufus. Kashe laftof, kunna kana danna F9 tunda HP ce, masu Dell F12 ne nasu, sai ka zaɓi filash ɗin.

Wajen da ake kuka shi ne allon da zai tambaye ka yadda za a girka. Zaɓi wanda ya ce alongside Windows Boot Manager. Wanda ya ce Erase disk ko da wasa kar ka taɓa shi, shi ne mai share komai. Kuma batirin laftof ta hannu ba abin yarda ba ne, kar ka fara wannan aiki da wutar NEPA kaɗai, a ɗauke ana tsakiyar raba hadis sai dai Inna lillahi, je inda ke da sola ko janareta.

Abu biyu za ka gani daga baya kar su tayar maka da hankali. Ubuntu zai ga fayilolinka na Windows amma Windows ba ya ganin na Ubuntu, haka suke. Sai agogo, duk ka dawo Windows za ka tarar yana baya da awa 1, saboda Linux yana ajiye agogon inji a lokacin duniya na UTC mu kuma Najeriya muna gaba da awa 1. Buɗe Terminal a Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sai ka koma Windows ka saita lokacin sau ɗaya.