Lambar hular gashin 'yar tsana: kanta za ki auna, ba tsawonta ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki: kin sayi 'yar tsana mai suna Tyler Wentworth ta hannu, mai tsawon inci 16, kin yi mata odar hular gashi lamba 7-8 saboda mai sayarwa ya rubuta cewa ta 'yar tsana mai tsawon santimita 40 zuwa 45 ce, da ta iso kuma sai ta zurma har ta rufe ido da hanci. Kina son sanin ko cutar ki aka yi, da kuma lambar da ya kamata ki nema.

Ba a cuce ki ba. Lambar da ake rubutawa a jikin hular gashi ba ruwanta da tsawon 'yar tsana, kewayen kanta ake nufi, da inci. Daidai da hular maza: mai hula ba ya duba tsawon mutum, tambayarsa kawai ita ce "lamba nawa kake sawa, 22 ko 23?" Sai ki ga gajere ya sa 23, dogo kuma 21 ta ishe shi. To 7-8 na nufin kan da kewayensa ya kama daga inci 7 zuwa 8, wato wajen santimita 18 zuwa 20, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tyler kuwa lamba 5-6 aka saba saya mata. Kin ga kenan akwai rarar kusan santimita biyar a hular da ke hannunki, dole ta zurma.

Shi ma mai sayarwar gaskiyarsa ya faɗa, sai dai wasu 'yan tsana daban yake nufi. Akwai masu gaɓoɓi da ake yi da rezin, wata irin roba mai tauri, waɗanda ake ɗaure sassan jikinsu da roba ta ciki, irin da kamfanin Volks na Japan ya fara fitarwa a 1999 da sunan Super Dollfie. Su da gangan ake yi musu manyan kai da manyan idanu. Manyansu masu tsawon santimita 60 ko kusa da haka suna sa 8-9, matsakaitan masu ɗan haura 40 suna sa 7-8, ƙananan masu 26 kuma 6-7. Galibin hulunan da ake samu daga Chaina da Koriya don su ake yi, shi ya sa za ki ga an rubuta tsawo kamar shi ne ma'auni. Ita kuwa Tyler, Robert Tonner ya fitar da ita a Amurka a shekarar 1999 ɗin nan dai, amma a siffar macen da ke tallar kayan ado ya yi ta: doguwar ƙafa, dogon wuya, ɗan ƙaramin kai. Tsawonsu ɗaya da matsakaiciyar Super Dollfie, kai kuwa ko kusa. Kai, ko a gidan Tonner ɗin ma ba a tsira ba: Ellowyne Wilde ita ma inci 16 ce, amma 6-7 take sawa don kanta ya fi girma.

Wani tarkon da ya fi wannan cin mutane shi ne rubutun 1/3, 1/4 da 1/6, wato girman 'yar tsana in an kwatanta da na mutum. Barbie ana lissafa ta a 1/6, tsawonta inci 11 da rabi. Amma in kika ga an rubuta hular gashi ta 1/6, kusan kullum ta ƙananan masu rezin ɗin nan ce, 6-7, alhali kan Barbie bai wuce wajen inci 4 ba. Blythe kuma tsawonta kusan ɗaya da Barbie, amma kanta ya haura inci 10, har ya kai na American Girl mai tsawon inci 18. Pullip 8-9 take sawa duk da siririn jikinta. Monster High 5-6. Na jero miki waɗannan ne don ki san inda za ki dosa, amma ni dai ba na yin oda da lambar da na gani a rubuce sai na ɗora tef a kan da ke gabana, domin kamfani ɗaya kan sake ƙirar fuska, kai ya ɗan ragu ko ya ƙaru, suna kuwa bai canja ba.

Awon kansa akwai yadda ake yin sa. Tef ɗin tela ya yi faɗi ga ƙaramin kai, ba ya kwanciya, yana tashi a bayan kunne ya ƙara miki abin da babu. Ki sami zare mai ɗan kauri wanda ba ya miƙewa, ko ki yanko siririyar takarda. Ki fara daga goshi, daidai inda gashi ke somawa, ki bi ta saman kunne kaɗan, ki gangara ƙeya inda kai ya fi tudu, ki zagayo ta ɗaya kunnen ki dawo goshi. Layin a karkace yake, gaba a sama, baya a ƙasa. In kika zagaya a miƙe kamar mai ɗaura kambu, lambar da za ki samu ba ta wurin da bakin hula ke zama ba ce. Inda zaren ya haɗu ki danne da farce, ki ɗauke, ki shimfiɗa a kan rula. Don Allah kada ki kawo biro ko maka kusa da fuskarta don yin alama, robar kan tana shan tawada, in ta shiga sai an sha wahala.

Daga nan ki ƙara awo biyu waɗanda mutane ba su cika damuwa da su ba, alhali su ke raba hular da ta zauna da wadda aka ɗora kawai: daga kunne zuwa kunne ta tsakiyar kai, sai kuma daga goshi zuwa ƙeya ta sama. Su ne zurfin hular. Za ki iya samun kewaye daidai, amma hular ta yi zurfi, sai ki ga wani ƙullutu a tsakar kai kamar an cusa tsumma, ko bakinta ya sauko ya danne kunnuwa. In kuma ba ta da zurfi, sai ta tsaya can sama, goshi ya yi ta tafiya, ƙeya a waje. Masu yin hula da hannu in kika tura musu awo ukun nan har daɗi suke ji.

Sai batun da ba ki ambata ba, amma na san za ki ci karo da shi. Yawancin Tyler da gashinsu dasasshe suke zuwa, ba da sanƙo ba. In taki haka take, to awonki ya danganta da abin da kika yanke shawarar yi da gashin. In za ki bar shi, ki jiƙa shi kaɗan, ki raba biyu, ki naɗe shi a kwance kewaye da kai, ki rufe da guntun safa siririya, sannan ki auna a haka. Zai ƙara miki wajen rabin inci ko fiye, gwargwadon cikar gashin, wanda hakan na iya tura ki zuwa 6-7. Gaskiya kan yakan ɗan yi girma fiye da kima, kuma mai ido zai gane. In kuma za ki aske, sai an yanke gashin ƙasa-ƙasa, a ɗumama wuyan a cire kan, a tsige guntayen ta ciki da ɗan hantsaki. Hula ta fi zama a haka nesa ba kusa ba. Amma ki sani wadda aka aske darajarta ta faɗi a wurin masu tarawa, ba kuma a mayar da ita yadda take sai an sake dasa gashi ɗaya bayan ɗaya da allura. Shawarata, in gashin lafiyarsa lau, ko tana da kwalinta da kayanta na asali, ki ƙyale shi. Wadda gashinta ya riga ya cukurkuɗe ko yara suka yi wa aski, ita ce ta hula.

In awonki ya faɗo a tsakiya, misali inci 5 da rabi, babu gardama, 5-6 ce. Rigimar tana wurin wanda ya faɗo a kan iyaka, kamar 6 cif. Nan sai ki duba irin gindin hular. Akwai mai miƙewa, wadda aka ɗinka jeren gashi a kan raga mai roba a baki. Irin wannan in sabuwa ce takan tsaya ne a ƙaramar lambar, ta miƙe zuwa babbar, kuma tana saki da amfani. Ga kai mai inci 6, 5-6 za ta shiga amma a ɗame, 6-7 kuma za ta zauna ba tare da kokawa ba. Ni na fi son wadda ta ɗan yi yawa, dalili kuwa tana gyaruwa. Ki juya ta ciki, ki kama ɗan ninki a ƙeya ki ɗinke da allura da zare, ko ninki biyu ƙanana a bayan kunnuwa don kada tsagar ta karkace. Ko ki sa mata hular silikon a ƙasa, wadda ke cike gibin ta kuma hana zamewa. Wasu na liƙa ɗan guntun Velcro, ɓangaren mai ƙaya-ƙaya, a tsakar kai ya riƙe ragar. Wadda ta yi kaɗan fa? Kina sa ta tana tsalle tana fita, in kika matsa mata jeren gashin ya buɗe, raga ta bayyana ta tsakiya. Akan ɗan tsaga ta a ƙeya a ƙara ƙyalle, amma abin da za ki samu bai taka kara ya karya ba. Wannan duk in rarar ba ta wuce rabin inci ba ne. Taki mai rarar inci biyu ba ta ɗinkuwa, ninkin zai fi kan girma. Ki adana ta, ko ki yi musaya da mai matsakaiciyar rezin.

Akwai kuma mai taurin gindi, wadda aka ƙera a kan wata ƙirar kai takamaimai. Ita ba ta miƙewa ko kaɗan, don haka ba a sayen ta da lamba, da sunan 'yar tsanar ake saye. In an ce ta Sybarite ce, kada ki ɗauka za ta hau Tyler don duk inci 16 ne.

Wajen sa ta ma akwai hannu. Ki karkatar da gashin duka baya, ki kafa bakin gaba a goshi ki danne da babban yatsa, sannan ki ja bayan da ɗaya hannun har ya wuce tudun ƙeya. Bakin ragar za ki kama, ba gashin ba. Da yawa waɗanda ke cewa hula ta yi kaɗan, daga sama suke ƙoƙarin kifa ta.

Lamba na iya yin daidai amma gashin ya yi wa kan yawa, musamman a ƙananan kai irin 4-5 da 5-6. Silin gashin roba da aka yi don kan mutum ko babbar 'yar tsana, in aka tara shi a kai mai inci biyar, sai fuska ta ɓace a ciki. Shi ya sa a wannan girman na fi son moheya, wato gashin akuyar Angora, ko na alfaka, wata dabba mai laushin gashi, ko na robar da aka yi shi siriri takanas don ya kwaikwaye su. Suna kwanciya, suna bin wuya. Gashin ƙari na kitso da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda da yawansa Kanekalon ne na kamfanin Kaneka na Japan, yana da amfani in kitso ko tufka za ki yi wa irin su Queens of Africa da Taofick Okoya ya fito da su a Legas, amma sai kin rage shi sosai, ki ɗauki kaɗan-kaɗan. In sakakken gashi mai zubowa kike so, ya yi kauri.

Ki kula da launin ragar ciki. Baƙar raga, ko ja, tana zubar da rini a kan roba mai laushi irin ta kan Tyler da Barbie da Dollfie Dream, kuma zafi na hanzarta abin. A yanayi irin namu, 'yar tsanar da ta kwana biyu a ɗaki mai zafi cikin watan Afrilu da baƙar hula a kai, kina cirewa za ki iya tarar da shaidar bakin hular ta zagaye goshi. Ki nemi mai raga fara ko kalar fata. In babu, ki wanke ta da ruwan sanyi da ɗan sabulu har ruwan ya daina canja launi, ta bushe sarai, kuma ki sa farin ƙyalle ko hular silikon a tsakani. Gam mai kamawa nan take kuwa, kada ma ya shigo maganar, yana cin fenti, in kin zo cirewa kuma ya taho da fatar kan.

Tunda kuɗin aikowa sau da yawa ya kan kai na hular ko ya fi, kafin ki sake biya ki tura wa mai sayarwa awonki uku da santimita, ki tambaye shi ko gindin na miƙewa, ki kuma roƙi hoton cikin hular, ba na waje kaɗai ba. In ya kasa ba ki amsa, ki nemi wani.

In kuma kina da haƙurin aikin hannu, kina iya yin gindin da kanki, ya fito daidai kan taki. Ki rufe kan da fuskar da ledar nan mai mannewa ta rufe abinci, ninki biyu. Ki ɗora guntun safa ko ƙyalle mai miƙewa, ki ja shi ya kwanta ba tare da tattara ba, ki ɗaure da roba a ƙarƙashin kunnuwa. Ki shafa farin gam irin na kafintoci, siriri, ki bari ya bushe, ki maimaita sau uku ko huɗu. In ya yi tauri ki zana layin gashi da fensir, ki zare shi, ki yanke da ƙaramin almakashi. Gashin kuma daga ƙeya ake fara liƙawa, jere bisa jere ana hawa sama, tsagar ce ta ƙarshe. Ki bar leda a kan har ki gama, ki kuma mayar da gindin kan 'yar tsanar yayin da kowane jere ke bushewa, in ba haka ba gam ɗin zai ja shi ya tsuke.