Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa ogana Bayahude yake ƙara kwana ɗaya a idinsu?

TAMBAYA: Salam Malam, ni direba ne ina zaune a Agege, ina tuƙa wani Bayahude a Ikoyi. Na saba daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar baya shiga mota baya taɓa waya, to amma a idinsu da ya wuce na ji yana cewa ƙaninsa dake Isra'ila ya gama idi ya koma aiki, shi kuma saura kwana ɗaya. Dan Allah ba addini ɗaya suke ba? Ina jin nauyin tambayarsa kar ya ga kamar shisshigi ne.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Addini ɗaya ne, kuma kusan duk maganar ta ganin wata ce, abinda mu ma muka sani sarai, ka tuna daren 29 ga Ramadan yadda ake zaune a ƙofar masallaci kowa kunnensa na kan rediyo ko waya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. To su ma haka suke a da.

Littafinsu na fiƙihu shi ne Talmud. Asalinsa Mishna, wadda Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, daga baya malamansu na Babila, wato Iraƙi ta yau, suka yi mata dogon sharhi aka kammala wajen shekara ta 500. A ciki akwai sashe guda mai suna Mo'ed, kan Asabar da ranakun idi da azumi.

Watansu kwana 29 ne ko 30 kamar namu. Wanda ya ga jinjirin wata sai ya kama hanyar Ƙudus ya je gaban majalisar malamai, ko da ranar Asabar ce an yarda ya yi tafiyar saboda girman shaidar, har abinci ake dafa musu mai yawa don kar su yi kasalar zuwa wani karon. Amma fa ba daga ka ce na gani shikenan ba, za a tsare ka da tambaya, ta arewa ka gan shi ko ta kudu, tsayinsa daga ƙasa nawa, ina ya karkata, faɗinsa yaya. Shugaban majalisar Rabban Gamaliyel har zanen siffofin wata yake da su a allo da jikin bangon ɗakinsa na sama, yana nuna wa mai shaida yana cewa kamar wannan ka gani ko kamar wancan. Wallahi wannan wurin yana burge ni, don duk wanda ya taɓa ganin rigimar wata a unguwa ya san amfanin irin wannan tantancewar.

In wata ya tabbata, saura labari ya kai ga na nesa. Da farko wuta suke kunnawa, a ɗaura itace da tsumman lilin a kan doguwar sanda a hau Dutsen Zaitun ana kaɗawa sama da ƙasa har na dutse na gaba ya hango shi ma ya kunna tasa, haka dutse bayan dutse har ta kai Babila. Da wasu suka fara kunna wutar ƙarya don su rikita lissafi sai aka daina, aka koma tura manzanni. Kaga manyan idodinsu biyu, Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki, suna farawa ne 15 ga wata, manzo yana da kamar sati biyu kenan, garin da bai isa ba basu san ko watan jiya 29 ya yi ko 30 ba, sai su riƙe kwana biyu don kar su kuskure ranar. Shi ya sa Idin Ƙetarewa kwana 7 ne a Isra'ila, a Legas ko Landan ko Amurka kuma 8.

Za ka ce to yanzu ai akwai kalanda a waya. Su ma sun yi wa kansu wannan tambayar tun a cikin Talmud ɗin, don tun wajen ƙarni na 4 suka koma lissafi, ana danganta tsarin ga shugaban majalisarsu na lokacin, Hillel na biyu. Amsar da aka ba na Babila ita ce su riƙe al'adar iyayensu, don wata rana hukuma na iya takura musu ilimin lissafin ya ɓace a rikice. Mutanen da suka sha kora daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan tsoron ba na banza bane. Akwai masu sassauci a cikinsu da suka koma kwana ɗaya, amma oganka da alama cikin masu riƙon tsohuwar hanya yake. Azuminsu na Ranar Kafara kam kwana ɗaya ne ko'ina, don awa 25 ne ba ci ba sha, ninka shi zai cutar da mutane.

Shawarata ka tambaye shi cikin ladabi ya rubuto maka ranakun idin shekarar gaba ɗaya, yana da su tun yanzu, ba zai ji haushi ba, kai kuma ka samu ka tsara zuwa gida ganin iyali.

TAMBAYA: Malam ni kuku ce a wani gida a Victoria Island. Madam bata girki ran Asabar sam, amma ranar idi na ga tana girki, sai dai bata ƙyasta ashana, daga wata kyandir take ɗebo wuta. Meye bambancin?

AMSA: 'Yar uwa idonki ya gani daidai. Ranar Asabar girki haramun ne a wurinsu, ranar idi kuma an halatta dafa abincin da za a ci a ranar, da sharaɗin ba za a ƙirƙiri sabuwar wuta ba, sai dai a ɗeba daga wadda aka kunna tun kafin faɗuwar rana. Kyandir ɗin nan da kika gani tana ci a kusurwar kicin aikinta kenan, don haka ko kin ga kamar ɓarna ce da rana tsaka, kar ki hure ta, in ta mutu madam bata da hanyar kunna murhu sai idin ya fita.