Tambaya da Amsa: H.264 ko H.265, da wanne zan fitar da bidiyon biki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sana'ar ɗaukar bidiyon biki a Zariya. Bidiyon awa guda sai ya haura gigabayit 3, masu biki na ta ƙorafin ya cika musu waya. Wani abokin sana'a ya ce in koma H.265. Da gaske ya fi H.264, ko hoton zai dusashe?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, amma da sauran magana.

H.264 da H.265 hanyoyi ne na matse bidiyo don ya rage nauyi, kuma dabararsu ɗaya ce. Bidiyo jerin hotuna ne, amma ba kowane hoto suke ajiyewa cikakke ba. Sukan ajiye guda, sannan su bi abin da ya motsa kawai. Amarya na zaune, labulen bayanta bai gusa ba, ba sai an maimaita shi ba. H.264, wanda ya fito a 2003, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 tsawo, 16 faɗi. H.265 na 2013 kan kai gidan har 64, sai ya kwashe labulen nan da 'yan gidaje kaɗan. An ƙera shi da nufin ba da kyan hoto iri ɗaya a kusan rabin nauyi. Idan kana fitarwa a megabit 8 cikin daƙiƙa, awa guda gigabayit 3.6 ke nan, H.265 zai iya sauko da shi wajen 2.

Sai dai kada ka sa ran wannan ragin a ko'ina. Filin rawa da dare, ana liƙi, takardun kuɗi na shawagi, leshi na ƙyalli, fitila ba ta da ƙarfi: komai motsi yake, kuma nan ne fuskoki ke rikiɗewa su zama dabbare-dabbare in ka matsa da yawa. Da wannan wurin za ka gwada, ba da jawabin waliyyi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar mai kallo. Tsohuwar waya ko talabijin ɗin da ake soka wa filashi, da yawansu ba su san H.265 ba. Wata ta ƙi buɗewa, wata ta riƙa cijewa tana zafi, batir na zuba. Uwar amarya kuwa kai za ta kira. Kwamfutarka ma za ta fi daɗewa wajen fitar da shi. Akwai wani salon matsewar, AV1 na 2018, wanda YouTube da Netflix ke amfani da shi, ya ƙara iya matsewa, amma wayoyin da ke buɗe shi cikin sauƙi sun fi ƙaranci.

Ni dai da ni ne, H.264 zan ba masu biki, in rage shi da manhajar HandBrake, kyauta ce: 720p (hoto mai tsawon ɗigo 720) don waya, 1080p (mai ɗigo 1080) don talabijin. H.265 in bar wa wanda na tabbatar wayarsa na ɗauka. Asalin ɗaukar kuma ka adana shi, domin duk matsewa da abin da take zubarwa, ba ya dawowa. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don kada a sake matse shi.