Tambaya da Amsa: Kwamfuta za ta iya auna alhaki?

TAMBAYA: Malam, na ji an ce masana suna koya wa kwamfuta lissafa rabon kowa idan mutane da yawa suka yi tarayya a ɓarna. Da gaske ne, kuma kotuna suna aiki da wannan lissafi? Daga Hadiza, Zariya.

AMSA: Da gaske ne, Malama Hadiza, sai dai abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A shekarar 2004 masana kimiyyar kwamfuta biyu, Hana Chockler da Joseph Halpern, suka fito da wani ma'auni, suka bayyana shi da misalin zaɓen mutum 11. Idan aka ci da ƙuri'a 6 da 5, kowane ɗaya cikin shidan nan alhaki cikakke yana wuyansa, domin da ya sauya ra'ayi da sakamakon ya juye. Idan kuwa duka 11 suka bi gefe guda, sai mutum 5 sun koma ɗaya gefen kafin ƙuri'ar mutum ɗaya ta zama raba gardama, saboda haka rabonsa kashi ɗaya ne cikin shida. Sun kuma ware zargi daban, wanda ke duba abin da mutum ya sani lokacin da ya aikata. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da bambanta wanda ya haƙa rijiya da wanda ya tura mutum cikinta.

Raunin lissafin, a ganina, shi ne ɗan Adam ne ke zaɓar dalilan da za a shigar wa na'urar, kuma abin da ya bari a waje ba zai taɓa samun rabo ba.

Batun kotu kuwa, dubi abin da ya faru a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka cikin Maris 2018, inda motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tsallaka titi da keke. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karon amma ta kasa gane mutum ce, kamfanin ya kashe birkin gaggawa na motar, mai sa ido a bayan sitiyari kuma hankalinta yana kan waya. Ga hannaye da yawa a ɓarna ɗaya, amma ba wani ma'aunin kwamfuta da ya raba musu alhaki: masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a tuhume shi, ita kuwa mai sa idon ta amsa laifi a 2023, aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa idon hukuma.