Tambayoyin Masu Karatu: Kamfanin Waƙa Ya Yi Mini Tayi, In Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Agege a Legas, ina sana'ar ɗinki, ina kuma rera waƙoƙin Hausa a wani ƙaramin situdiyo. Wani kamfani ya yi mini tayin yarjejeniyar shekara 5, zai ba ni kuɗi a hannu ya kuma ɗauki nauyin bidiyo, amma waƙoƙin za su zama mallakarsa. Abokaina sun ce zamanin kamfani ya wuce tunda kowa yana iya ɗora waƙarsa a intanet. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokanka, sai dai ba su kai ta ƙarshe ba. A da, mawaƙin Legas yakan kai faifansa kasuwar Alaba da ke Ojo, dillali ya saye shi da kuɗi dunƙule, ya buga ya baza a faɗin ƙasa, ribar da ta biyo baya kuwa mawaƙin ba ya jin ɗuriyarta. Wannan ƙofar ce sababbin kamfanonin fasaha suka ɓalle. Boomplay, manhajar sauraron waƙa, ya fara aiki a 2015 yana zuwa a cikin wayoyin Tecno, Audiomack ya samu karɓuwa wajen matasa, Spotify kuma ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021. Masu rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore suna karɓar kuɗin shekara su isar da waƙarka ga waɗannan manhajoji, mallakarta kuma tana nan a hannunka.

Amma da kamfanonin waƙa sun mutu, da Universal, babban kamfanin waƙa na duniya, bai sayi kaso mafi tsoka na Mavin ba a 2024, kamfanin da Don Jazzy ya kafa a nan Legas a 2012, da kuma takwaransa Warner bai ƙulla hulɗa da kamfanin waƙa na Najeriya Chocolate City ba a 2019. Ɗora waƙa ya yi arha, amma sa mutane su ji ta yana nan da tsadarsa, domin bidiyo da gidajen rediyo da talla duk kuɗi suke ci, kuma abin da kamfani yake sayar maka ke nan.

Inda na fi jiye maka shi ne batun mallaka. Kuɗin da za a ba ka a hannu kafin alƙalami ne, wato bashi ne da za a riƙa cirewa daga kasonka, sau da yawa har da kuɗin bidiyon, kafin ka ga ko sisi. Shekara 5 za ta wuce, waƙar kuwa za ta ci gaba da kawo kuɗi ga wanda ya mallaki ainihin naɗinta, kuma abin yana yi mini ciwo idan na ga matashi ya sallama wannan saboda ɗokin abin da zai ƙare cikin wata biyu.

Ka kuma yi la'akari da masu sauraronka. Manhajojin nan suna raba kuɗi ne gwargwadon abin da suka tara a kowace ƙasa, kuma da naira 900 a wata Spotify ya fara a nan, saboda haka kuɗin sauraro ɗaya a Najeriya bai kama ƙafar na Ingila ko Amurka ba. Da yawa daga cikin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a YouTube da TikTok suke jin waƙa, ko su je wajen masu turawa a waya. Ke nan kuɗinka na gaske yana wajen biki da wasa. Idan takardar ta ba kamfanin kaso a nan ma, to ka tsaya ka yi lissafi da kyau.

Shawarata ita ce kada ka sa hannu sai lauya mai sanin harkar, wanda kai ka ɗauko shi, ya karanta takardar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da miƙa mallaka ba sai a rubuce, don haka abin da ka sa wa hannu shi zai ɗaure ka. Ka nemi a mayar da sayarwar ta zama haya ta shekaru ƙayyadaddu, bayansu waƙoƙin su dawo gare ka, a rubuta kasonka da lokacin da za a riƙa nuna maka lissafi. Idan sun ƙi, ka riƙe ɗinkinka, ka saki waƙa biyu ko uku da kanka, sannan ka koma musu da alƙaluman masu sauraronka a hannu.