Muryar WhatsApp: tayar keken tsere da za ta jure hanyoyin Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya shigo cikinmu kwanan nan, wanda ya ce ya sayi keken tsere na hannu, amma tayar da keken ya zo da ita ta hana shi sakat, kusan duk fitar da zai yi sai ya tsaya wurin mai faci. Yana so a gaya masa tayar da zai saya ta kai shi rani da damina ba tare da canji ba. To ƙanena, muryar za ta ɗan yi tsawo, ka samu wuri ka zauna.

Kafin ka fitar da ko dala, ka duƙa ka karanta rubutun da ke gefen tayar da ke jikin keken yanzu. Za ka ga wani abu kamar 700x23C ko 700x25C, kusa da shi kuma 23-622 ko 25-622. A 23-622 ko 25-622 ɗin, lamba ta farko faɗin tayar ne a milimita, 622 ɗin kuma girman rim ɗinka ne, wato zagayayyen ƙarfen da taya ke zama a kansa. Wannan 622 ɗin shi za ka riƙe. Ina jaddada shi ne saboda wasu tsofaffin kekunan tsere inci 27 ne, nasu 630, manyan kekunan nan na iyayenmu irin su Phoenix kuma 635. A ido duk kusan ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta zama a kan rim ɗin wancan. In mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne", ka nuna masa lambar kawai.

Yanzu mu zo kan abin da ke huda mana taya a nan. Babban abokin gabarmu tsidau ne. Da damina yake fitowa a bakin kwalta, ya shimfiɗu a ƙasa da 'yan furanninsa rawaya, ba wanda ya damu da shi. Da kaka ta yi sai 'ya'yan su bushe su rarrabu, kowane ɓari da ƙayarsa mai tauri, kuma duk yadda ya faɗi sai ka tarar tsini ɗaya na kallon sama. Iska da ƙafafun dabbobi da tayar amalanke su kwaso shi su zuba a gefen kwalta, daidai inda mai keke ke bi in babbar mota ta matse shi. Shi ya sa daga kaka zuwa ƙarshen ɗari ne faci ya fi yawa. Ƙarangiya tana damun safa da wando, amma ba kasafai take ratsa taya mai kauri ba. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa, in ka bi ƙarƙashin itacen ko inda aka ja reshe za a yi shinge, wannan doguwa ce, tana iya shiga ta gefe ma.

Na biyunsu shi ne 'yan siraran wayoyin nan da ke fita daga tayar manyan motoci in ta fashe, ko inda aka ƙone taya. A hanyar Dan Isa da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram suna nan birjik, don can ne manyan motoci suka fi bi. Wayar ba ta fi gashi kauri da yawa ba, tana shiga ta maƙale, iska ta riƙa fita a hankali, ka kwana da taya cike ka tashi ta kwanta. Sai kwalba da ƙusa a cikin gari, musamman wajen kasuwa da tasha.

To me za ka nema? Abu biyu, faɗi da kuma shimfiɗar kariya a ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa. Ni a wurina waɗannan biyun sun fi sunan kamfani muhimmanci.

Faɗi tukuna. Tayar 23 ka bar ta, ba ta hanyarmu ba ce. In kekenka zai ɗauki 28, ka sa 28. In zai ɗauki 32, wallahi ya fi. Taya mai faɗi tana ɗaukar iska mai yawa, don haka ba sai ka cika ta ta yi tauri ƙwarai ba, tana shanye girgizar kwalta mai tsagewa, ba ta saurin matse tiyub in ka faɗa rami, kuma in ka tarar da yashi ya rufe kwalta, kamar yadda yake yi mana a cikin unguwanni, ba ta nutsewa nan take irin siririya. Kada wani ya ce maka mai faɗi tana rage gudu. Manyan masu tseren Turai ma da suka daɗe a kan 23, yanzu 28 zuwa sama suke hawa. Sai dai ka auna kekenka. Tsofaffin kekuna masu burkin da ke kama rim, da yawansu 25 ko 28 ne iyakarsu. Ka duba tsakanin taya da ƙarfen keken, sama da gefe da gefe, gaba da baya, a samu sararin kamar milimita 4. In babu wannan sararin, da damina laka da tsakuwa za su cushe wurin su riƙa cin fenti da tayar gaba ɗaya.

Sai shimfiɗar kariya. Tayar tsere zalla an yi ta ne don ta yi sauƙi ta yi gudu, robarta siririya ce, zaren jikinta ma siriri. Za ka ga an rubuta TPI a kwalinta, wato yawan zare a cikin inci ɗaya. Mai 120 zuwa sama zarenta siriri ne, tana da laushi da daɗin hawa, amma tsidau ba ya jin kunyarta. Mai 60 zarenta ya fi kauri, ta fi jure wahala. Don hawan yau da kullum, wajen 60 ɗin nan za ka tsaya, kuma ka tabbatar akwai wata shimfiɗa ta musamman a ƙarƙashin roba, ko ta zaren Kevlar, wani zare mai ƙarfi da wuyar hudawa, ko makamancinsa.

Bari in kira maka sunaye, don in ɗan uwa zai taho maka da ita daga Yamai ko Kano ko waje ya san abin da zai nema. Continental, kamfanin Jamus, suna da Gatorskin. Tana da shimfiɗar kariya a ƙasa, gefenta kuma an lulluɓe shi da wata raga da ke hana dutse yanka shi. Mai faɗin 28 nauyinta wajen giram 300 ne, don haka keken bai rasa gudunsa ba. Aibinta ɗaya, robarta tana da tauri, in kwalta ta jiƙe ba ta kama ƙasa sosai, sai ka yi hankali a kwana. Suna da wata kuma, Grand Prix 4-Season, mai shimfiɗar Vectran, wani zare makamancin Kevlar, ninki biyu, ta fi Gatorskin kama ƙasa cikin ruwa, ta kuma fi ta tsada. Ita GP5000 da kuke ta ji ana yabo, taya ce mai kyau ƙwarai, amma ta ranar tsere ce. Ban ba ka shawarar ka zuba kuɗinka a kanta don zuwa aiki ko zuwa Tibiri da safe ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Schwalbe Marathon Plus. Wannan a ƙarƙashin robarta akwai wata shimfiɗa shuɗiya mai kaurin milimita 5, mafi yawan ƙayar tsidau ba ta kai tsawon da za ta ratsa ta ta taɓa tiyub ba. Gefenta kuma akwai farin layi mai ƙyalli in fitilar mota ta haska, abin da ke da amfani ga mai dawowa bayan magariba. Amma ka sani tana da nauyi, mai faɗin 28 ta haura giram 700, fiye da ninki biyu na Gatorskin ke nan. Za ka ji nauyin a ƙafarka duk lokacin da ka tashi daga tsaye, kuma sa ta a rim aiki ne, sai da haƙuri. Akwai irin su Panaracer Pasela ta Japan mai shimfiɗar ProTite, da Maxxis Re-Fuse, su ma duk suna da shimfiɗar kariya.

In ka ce in zaɓa maka, ga yadda nake gani. In keken nan shi ne ƙafarka, da shi kake zuwa aiki ko makaranta kuma makara na jawo maka magana, ka sa Marathon Plus ka huta. In kuma don motsa jiki ka saye shi, kana son ka bi mu Madarunfa ranar Lahadi ba a bar ka a baya ba, Gatorskin 28 ko wata irinta ta ishe ka. In kuɗin bai kai na biyu ba, sayi ɗaya mai kyau ka sa a ƙafar baya, don ita ke ɗauke da yawancin nauyinka, ita ta fi cinyewa, ita ta fi yin faci, kuma ita ta fi wuyar cirewa a bakin hanya. Amma fa da sharaɗin ta gaban lafiyarta lau, ba tsagewa ba kumburi. Tayar gaba in ta fashe kana cikin gudu, faɗuwa ce, ba wasa.

Na san ba kowa ke da halin waɗannan ba, kuma ba kullum ake samunsu a kasuwarmu ba. Abin da aka fi samu irin su Kenda da CST ne da waɗanda ba su da suna. A cikinsu ma akwai na kirki. Ka cire tayar daga leda, ka matsa tsakiyarta tsakanin babban yatsa da manuni, ka ji kaurin wurin da ke taka ƙasa, ka gwada da wata. Ka lanƙwasa gefenta ka duba da kyau cikin haske. In ka ga 'yan ƙananan tsage-tsage, ta daɗe a ajiye ko rana ta dake ta, ko sabuwa ce ka bar ta. Taya mai waya a cikin bakinta ta fi mai laushin baki da ake iya naɗewa araha, ɗan nauyi kawai ta fi ta, kariyarsu ɗaya in samfurin ɗaya ne. Sannan akwai dabarar da masu gyaran kekenmu suka daɗe suna yi, a yanke bakin tsohuwar taya ko a tsaga tsohon tiyub a shimfiɗa a cikin sabuwar. Tana aiki, sai dai a goge bakin abin da aka yanka ya yi sumul, in ba haka ba shi da kansa zai ci tiyub ɗin. A siririyar taya kuma wurin ba ya isa, sai daga 28 zuwa sama.

Yanzu maganar iska, don ko ka sayi taya mafi tsada a duniya, in ba ka kula da iska ba za ka koma wurin mai faci. In ka cire tiyub ka ga huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan, ka daki bakin rami ko tudun rage gudu, rim ya matse tiyub ya yanka. Mutum mai nauyin kilo 70, a taya 25 wajen bar 6 yake so (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), a 28 wajen bar 5, a 32 wajen bar 4, ta gaba a rage mata kaɗan. In ka fi haka nauyi ka ƙara, amma kada ka wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar. Matsawa da yatsa ba ya gaya maka gaskiya a tayar tsere, ka nemi famfo mai agogo, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ku saya. Siririn tiyub yana rage iska da kansa ko ba huji, don haka ka duba aƙalla sau ɗaya a mako. Ka kuma lura da bawul ɗinka, yawancin kekunan tsere siririn nan ne mai ɗan kai da ake murɗawa, Presta, kuma injin masu facin mota ba ya kama shi sai da ɗan adafta. Ɗan ƙaramin abu ne, ka saya ka jefa a jakar sirdi.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, kada ka cika taya har iyakarta da asuba sannan ka jingine keken a rana, iskar ciki tana ƙaruwa in ta yi zafi, kuma ranar tana busar da roba ta tsattsage. Ka sa shi a inuwa ko a zaure. Zafin nan shi ne ma dalilin da ya sa ban cika tura sabon mahayi ga tayar da ba ta da tiyub ba, mai ruwan liƙi a ciki. Gaskiya tana toshe hujin tsidau da kanta kana cikin tafiya, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafinmu ya fi saurin bushewa, ba a samunsa a kowane shago, kuma sai rim ɗinka ya zama irin nata.

Da damina kuma abin da ke faruwa shi ne ruwa ya kwaso yashi da kwalba da tarkace ya zuba a kan kwalta, jiƙaƙƙiyar taya ta riƙa ɗaukarsu, kuma kwalba ta fi saurin yanka roba in da ruwa. Kada zanen da ke kan taya ya ruɗe ka, a kan kwalta ingancin robar ne ke kama ƙasa, ba zurfin zane ba. Ka rage iska kaɗan, kamar rabin bar, ka kuma guji shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, don rami yake ɓoyewa.

Wani abu da nake roƙonku duka, ba ƙanenmu kaɗai ba. In kun dawo, ku ɗaga ƙafar keken ku juya ta a hankali kuna dubawa. Sau da yawa ƙaya ko ɓarin kwalba yana zaune a cikin roba kwana da kwanaki kafin ya kai ga tiyub, da tsinken allura za ka fitar da shi. In kuma faci ya riga ya faru, kada a sa tiyub sai an bi cikin tayar da yatsa a hankali an gano abin da ya huda, a kuma duba ƙyallen da ke rufe ramukan wayoyi a cikin rim, don in ya goce shi ma yana huda tiyub ta ciki. Lokacin sa taya ka daidaita tambarinta da bawul, ta haka in ka ga inda hujin yake a tiyub ka san daidai inda za ka duba a taya. Tayoyin Continental suna da 'yan ramuka biyu ƙanana a kan robar, in sun shafe ta gama aiki. Sauran kuma in ka ga tsakiyar ta baje ko zare ya fara leƙowa, a canza.

Ƙanena, ka ɗauki hoton rubutun gefen tayarka, da hoton wurin burki gaba da baya, ka turo nan tare da nauyinka, sai in gaya maka ko 28 za ta shiga da iskar da za ka riƙa sa mata. Allah ya tsare mana hanya. Wassalamu alaikum.