Amsar tambayar Alhaji kan siwimin ful a lokacin hunturu

Assalamu alaikum jama'a, Alhaji barka da dare, na ji saƙonka, wai tunda sanyi ya shigo yara sun daina shiga ful ɗin, ko a kashe injin da ke zagaya ruwa a zubar da ruwan sai zafi ya dawo. To ranka ya daɗe, don Allah kar a yi ko ɗaya.

Ka ga wannan maganar ta rufe ful, ta mutanen Kanada ce da su Jamus, can ruwa ƙanƙara yake zama, in ya daskare kuma kumbura yake da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fasa bututu, shi ya sa suke tsiyaye bututunsu kaf. Mu nan Kano ko a tsakiyar Janairu ba ma kaiwa nan, matsalarmu ƙura ce. Hazon nan da ke tasowa tun daga Bodele a Chadi, ka share ƙasan ful da yamma, da safe ka leƙa ka ga ta sake kwanciya ja-ja a kan tayil, har yatsa za ka iya ja a kai. Ƙurar nan ita ke cinye kilorin, ita ke toshe filta. In aka kashe inji ruwan ya tsaya cik, sai gansakuka ta kama bango, ruwa ya yi kore, sauro ya samu gida, kuma wallahi kuɗin da za ka kashe a Maris wajen gyara ya fi na dizal ɗin da kake gudu.

Zubar da ruwan kuma ya fi muni, don ful in ya zauna babu ruwa, rana ta doke shi da rana, sanyi ya doke shi da asuba, siminti ya bushe, sai tayil su fara ɗagowa.

Abin da za a yi, a rage wa injin aiki kawai, awa 4 zuwa 6 a rana ya isa, in an kawo wuta a kunna. Yaron da ke kula da shi ya riƙa duba agogon nan na kan filta mai auna matsin ruwa, in allurar ta haura yadda ta saba da kamar 8 zuwa 10 a ma'aunin psi to yashin cikin filtar ya cika da datti, a yi bakwash, wato a juya ruwa ya bi ta baya ya wanke yashin. Sati-sati a gwada ruwan, kilorin tsakanin 1 da 3 a ma'aunin ppm, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7.2 zuwa 7.6. In ruwan ya yi duhu-duhu a sa alif, a kashe inji ya kwana, dattin zai kwanta a ƙasa sai a zuƙe shi a fitar waje kai tsaye, kar a bi da shi ta filta.

Sai abin da mutane ba sa lura, iskar hunturu busasshiya ce, shan ruwa take sosai, ruwan zai yi ta sauka, in ya sauka ƙasa da bakin nan na jikin bango inda inji ke jan ruwa, inji zai riƙa jan iska, kuma haka yake ƙonewa. A riƙa ƙarawa yana kai rabin bakin.

Tamfol kuma, eh a rufa, yana tare ƙura da ganye, amma Alhaji ka yi wa Hajiya magana, tamfol ba ya ɗaukar yaro, ƙaramin yaro gani zai yi kamar ƙasa ce ya taka, ya nutse a ƙarƙashi ba wanda ya gani. Ƙofar wajen ta zauna a kulle. Kilorin da asid ma a raba musu wajen ajiya, kar a kuskura a haɗa su a bokiti ɗaya, hayaƙin yana kisa. Ka sa yaron da ke kula da ful ɗin ya turo min hoton agogon filtar gobe in Allah ya kai mu, in gani.